Tukunyar da Muka Fasa a Tibiri

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakata a Tibiri. Ranar da muke kwashe kayan ɗakinta, muka tarar da wata tsohuwar tukunya a ƙurya, baƙa wuluk, an kife ta da faifai. Gwaggona ta dube ni ta ce: "Ɗana, wannan ta iyayen Kaka ce, ta giya ce, tun suna Anna." Kafin la'asar wani daga cikinmu ya kai ta bayan gida ya fasa. Ni da nake koyar da yara tarihi ina tsaye, ban ce uffan ba. Kunya ce ta kama ni a lokacin. Yanzu kuwa shirun da na yi nake jin kunyarsa.

Giya haramun ce, wannan ba abin gardama ba ne a wurina. Amma tukunyar nan shaida ce ta yadda ƙasarmu ta kafu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya soma a 1804, sarakunan Katsina suka baro birninsu suka kafa gadon sarauta a Maradi. Gobirawa kuma, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Ba daji suka tarar ba. A kwarin Gulbin Maradi akwai Anna, manoma da mafarauta masu bautar iskokin gidajensu. A wurinsu giyar hatsi tana shiga biki da gayya da tsafi. Musulunci ya ratsa gidajensu sannu a hankali, gida bayan gida, har ya iso kanmu. Masanin nan na Faransa, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana rubuta rayuwar mutanen kwarin nan. Mu jikokinsu kuwa sai fasa shaidar muke yi.

Abin da ya farkar da ni darasi ne da nake shiryawa 'yan CM2 a kan Shaka da al'ummar Zulu ta Afirka ta Kudu. Cikin karatuna na ga su ma suna da tukwanen giyar dawa, kuma kowace da sunanta: imbiza ita ce babba ta dafawa, uphiso mai wuya ta ɗauka zuwa biki, ukhamba kuma ita ake zagayawa da ita a sha. Mata ne ke gina su. Sukan sake gasa tukunya cikin hayaƙi har ta yi baƙi, domin a imaninsu kakannin da suka mutu suna son duhu da sanyi, kuma a ƙuryar ɗaki da suke kira umsamo ake ajiye musu rabonsu. Yau yawancin Zulu Kirista ne, duk da haka ba su bar sunayen nan sun ɓace ba. Tukwanen Nesta Nala, maginiyar da ta rayu daga 1940 zuwa 2005, suna cikin gidajen tarihi na ƙasarsu da na ƙetare. Da na ga hoton ukhamba baƙa a ƙuryar ɗaki, tukunyar Kaka ce ta faɗo mini a rai.

Mu ma muna da magina. Jiratawa, nan kudu da Maradi, ta yi suna da ginin tukwane, kayanta suna zuwa kasuwanninmu. Ku duba yadda yumɓu ke rakiyar Bahaushe: tukunyar ruwan wankan jego, randar amarya, tulu, tandar waina, kaskon turare, asusun yaro, har tukwanen da ake rufe kabari da su a wasu garuruwa. Amma na tambayi ɗalibaina bambancin tulu da randa, 'yan kaɗan ne suka sani. Roba da dalma sun cinye tsakar gida. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon garin Maradi, har aka koma bisa tudu, wancan ba laifin kowa ba ne. Wannan asarar kuwa da hannunmu muke yin ta.

Malamai 'yan'uwana, Jiratawa ba ta da nisa. Mu kai yara su ga yadda ake kwaɓa laka da gasa tukunya, su rubuta sunan kowace da amfaninta. Iyaye kuma, in kun tarar da tsohuwar tukunya a gida, kada ku yi garaje. Ku tambayi tsofaffi tun suna da rai: wa ya gina ta, me aka yi da ita? In ta giya ce, a gaya wa yaro gaskiya: kakanninka haka suka yi, Allah ya shiryar da zuriyarsu. Yaron da ya san daga inda aka fito ya fi sanin darajar shiriyar da ya gada.

Bara na koma bayan gidan Kaka na tono tsingaro uku. Suna cikin akwatina a makaranta, da su nake buɗe darasin tarihin Gobir.