Yadda direban Magarya ya zama bakaniken kansa

A ƙasar Magarya da Dungas, tun shigowar mota, mai tuƙa ta shi ne bakanikenta na farko. Manyan dillalan motoci irin su CFAO a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga Damagaram. Kano kuwa ga ta nan kusa, ta Tinkim da Babban Mutum, ko ta Maigatari ga mutanen Dungas. Wa zai ja matacciyar mota har Yamai saboda garanti?

Tun zamanin da manyan motoci ke kwasar gyaɗa, yaron mota sai ya iya kwance da ɗauri kafin maigida ya ba shi sitiyari. Da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, 504 da a-kori-kura suka cika hanyoyinmu. Kawuna na da ɗaya. Ƙarƙashin kujerarsa ba a rasa sufana, filaya, waya, tsohon tib da sabulu. In rairayi ya toshe kabureta, sai ya shimfiɗa buhu a gindin gawo, ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hure ƙofofinta da baki, ya mayar. In tanki ya yi yoyo, ya liƙe da sabulu har a kai gari. Abin da ya karye kuwa, sai ya ba direban Kano sautu daga kasuwar Ƙofar Ruwa.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabon kayan Faransa ya fi ƙarfin talaka. Mutane suka ƙara raja'a ga motocin gwanjo na Kwatano da kayan gyara na hannu. Daga baya baburan Sin suka shigo, kowane ɗan kabu-kabu ya koyi juye da ɗaure sarƙa da kansa.

Yau lamarin ya canza. Motocin yanzu kwamfuta ke sarrafa man da suke sha, kuma kunnen direba, komai gwanintarsa, ba ya gano ciwonsu sai da na'ura. Wanda ya taɓa da ka, ya ƙara ɓarna.

Ni dai ina ganin juye, faci da duba birki su zauna a hannun mai mota, kamar yadda muka gada. Amma ya kamata hukuma da ƙungiyoyin direbobi su koya wa yaran garejinmu aikin na'urar nan, don gyara ya tsaya a gida.