Tarihin Binciken Hazo da Gizagizai Daga Sararin Samaniya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hazon hunturu. Rana takan fito fara fat ba ƙarfi, gari ya yi sanyi, jiragen sama su kasa sauka. Sai dai wanda ke ƙasa ba ya ganin inda ƙurar ta taso, ba ya kuma iya auna yawan hasken ranar da ta tare. Wannan takarda za ta bi tarihin yadda taurarin ɗan'adam suka amsa waɗannan tambayoyi biyu.

A ranar 1 ga Afrilu 1960 Amurka ta harba TIROS-1, tauraron ɗan'adam na farko da ya yi nasarar aiko hotunan gizagizai don hasashen yanayi. A 1977 ƙasashen Turai suka harba Meteosat-1, wanda ke tafiya daidai da juyawar duniya, don haka kullum Afirka tana gabansa. Daga irin waɗannan hotuna masana suka gane cewa kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wurin busasshen gindin tsohon tafki ne, iska kuma tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kafin ta afka masa.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, domin gajimare da ƙura aiki biyu suke yi. Suna mayar da wani kaso na hasken rana sama, ƙasa ta yi sanyi. Suna kuma riƙe zafin da ƙasa ke fitarwa. Aman wutar dutsen Pinatubo a ƙasar Filifin a 1991 ya nuna girman lamarin: hayaƙin da ya watsa ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri na ɗan lokaci.

A 2006 Amurka da Faransa suka harba CALIPSO, mai haska sararin sama da hasken leza don auna tsayin ƙura da gajimare. A shekarar ce kuma aka girke na'urori a Yamai, suna awo daga ƙasa yayin da Meteosat-8 ke awo daga sama. Da wata babbar guguwar ƙura ta rufe birnin a watan Maris, aka ga yadda hasken da ke isa ƙasa ya ragu ƙwarai: wani ya koma sama, wani ƙurar ta shanye.

CALIPSO ya kammala aiki a 2023, aka harba EarthCARE na Turai da Japan a 2024. Sahihancin hasashen damina, wanda manomi ke dogaro da shi kafin ya yi shuka, yana rataye da irin wannan awo.