Wandon Kaki: Daga Ƙurar Feshawar Zuwa Akwatin Mazan Jiya

Kwanan nan wani irin wando ya dawo yayi a wajen samari: ƙugunsa a sama har ya rufe cibiya, gabansa da tattara biyu, ƙafarsa da faɗi, ga wasu 'yan maɗaurai na ƙarfe a gefe maimakon bel. Teloli na kwaikwayonsa daga hotunan Instagram, masu sayarwa kuma na kiransa wandon Gurka ko wandon zamanin da. Da muka nuna wa dattawanmu, dariya suka yi, suka ce ai wannan wandon soja ne. Gaskiyarsu kuwa. Kusan duk abin da ake gani ado ne a jikinsa, asalinsa aiki aka yi shi ya yi.

Launin ma labari gare shi. A 1846 wani hafsan Ingila, Harry Lumsden, ya kafa wata runduna a Feshawar, wadda yanzu take cikin Pakistan. Sojan Ingila na lokacin jar riga yake sawa, wadda maharbi kan hango tun daga nesa. Ba a daɗe ba mutanen Lumsden suka koma sa fararen kayan auduga da aka rina su kai launin ƙasar wurin. A Urdu da Farisanci ana ce wa ƙura "khak", abu mai launinta kuma "khaki". Kalmar ce ta iso mana ta zama kaki, har muke cewa "masu kaki" in muna nufin hukuma mai bindiga, kuma 'yan bautar ƙasa ma da ita suke kiran nasu kayan. Turawa ba su saki ja da sauri ba. Sai a yaƙin Ginis, a Sudan, ƙarshen 1885, suka yi faɗansu na ƙarshe cikin jar riga, kuma a 1902 kaki ya zama kayan aikin sojan Ingila baki ɗaya.

A nan gida, rundunar da Lugga ya haɗa a 1897, wato West African Frontier Force, ta shahara da nata fasalin: gajeren wandon kaki, jar dara, jar falmaran da jar ɗamara a ranar fareti, da tambarin bishiyar kwakwa. Kuratan sun daɗe suna tafiya ba takalmi, alhali hafsoshinsu Turawa na cikin but. Wannan kaɗai kan taimaka wajen gane shekarun tsohon hoto.

To, me ya sa ƙugun ya hau sama haka? Amsar tana ga kayan yaƙin da Ingila ta tsara a 1937, na ulu mai kauri. Rigar gajera ce, a ƙugu take tsayawa, don haka dole wando ya taso ya tarye ta, har akwai maɓallai a baya da ke haɗa su biyun don kada sanyi ya shiga in soja ya sunkuya. Ba bel ke riƙe wandon ba, igiyoyi ne da ake ratayawa a kafaɗa, shi ya sa za a ga maɓallai jere a bakin ƙugu. A gaban cinyar hagu akwai babban aljihu na taswira. A dama, can sama, akwai ƙaramin aljihu na bandeji, kuma wurinsa ɗaya ne a jikin kowane soja, domin wanda ya zo taimakon mai rauni ya san inda zai kai hannu ko da cikin duhu. Wandon nan mai aljihu a cinya da samari ke zuba waya da caja a ciki, jikan wannan ne. Shi kuwa mai maɗaurai a gefe, daga kakin ƙasashen zafi ya fito, inda ake son wandon da za a tsuke ko a sassauta in jiki ya rame, kuma ya ɗauki sunan sojojin Gurka na ƙasar Nefal.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ake gane na ainihi, domin kasuwar tsofaffin kayan soja a Turai da Amurka cike take da jabu, kuma a dilar gwanjo ma akan yi kiciɓis da abin da mai shi bai san darajarsa ba.

Masana daga ciki suke farawa, su juya wando bai-bai. Kayan gwamnatin Ingila na ɗauke da hatimin kan kibiya, sau da yawa tsakanin haruffan W da D, tare da farin ƙyalle mai nuna lambar girma, sunan kamfanin da ya ɗinka da shekara. Idan kibiyar na cikin harafin C, ɗinkin Kanada ne. Idan tsakanin D biyu take, na Ostareliya ne. Sai a duba maɓallai. Samfurin 1937 yana ɓoye su ƙarƙashin yadi, amma da yaƙi ya yi tsanani aka shiga tsimin yadi da lokaci, sai aka bar su a fili, aka rage tattara. Ashe talaucin ɗinki ma shaida ne. Samfurin 1949 kuma ya matsar da aljihun taswira daga gaban cinya zuwa gefe, saboda haka wanda ya ce wandonsa ya je yaƙin Hitila, alhali aljihun na gefe, ko dai an ruɗe shi ko yana son ruɗin wani. Haka zif: gaban wandon sojan Ingila na wancan yaƙi maɓallai ne.

Na Amurka ya fi sauƙin karantawa. Koren wandon audugar nan da suka fara rabawa a 1952 yana da lambar kwangila a ƙyallen ciki. Wadda ta fara da DSA ta faɗo tsakanin 1962 da 1977, kuma a yawancinsu lambobi biyun da ke gaban harafin C su ne shekarar: 68 na nufin 1968. Akwai kuma gwajin da telolinmu suka sani tun tuni. A zare zare ɗaya daga cikin kalmasa a kusanta shi da ashana. Auduga toka take zama, ulu ƙaurin gashi yake yi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Yadin da ya narke bai ga 1944 ba.

Amma mu, abin bai tsaya ga gwanjo ba. Dubban mutanenmu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944, sun shiga Miyohong a Janairun 1945, wasu kuma sun bi dakarun Cindit cikin daji. Sunayen nan suna nan a barikokinmu: Dalet a Kaduna, Cindit a Zariya, Miyohong da Arakan a Legas. A can kaki mai launin ƙasa bai yi amfani ba, domin cikin kurmi haske yake yi, sai aka koma kore, mafi yawansa ɗinkin Indiya. Alamar da ke kafaɗa ce ke faɗin rundunar mutum. Ta 81 baƙin gizo-gizo ce a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin Asante, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo, kuma gammon ba ado ba ne: inda mota da alfadari suka kasa shiga, a ka mutanen nan suka ɗauki harsashi da abinci.

Da yawansu sun dawo da akwatin ƙarfe. Mun san yadda irin wannan akwati kan ƙare a gidajenmu: gara ta ci rabi, a yanka sauran a yi tsumman goge-goge, a ba yara lambobin yabo su yi wasa. Ba mu ga laifin iyayenmu mata da suka yi haka ba, don ba wanda ya gaya musu cewa a gefen lambar yabo ta dogon aiki, ko a cikin littafin sallama, akwai lambar soja da za ta iya kai jika ga tarihin kakansa. Wanda ya ci karo da irin wannan kaya, kada ya yi gaggawar kai shi wanki, domin sabulu da bilic na cinye hatimin tawada. Ya fara ɗaukar hoton ƙyallen ciki da maɓallai da alamar kafaɗa, ya tambayi tsofaffin gida tun suna da rai, sannan ya naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga, ba leda ba, ya ajiye inda danshi ba ya kaiwa. Kuma kada sha'awa ta sa ya saka shi ya fita titi. Dokar Nijeriya ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a shingen bincike ba wanda zai tsaya duba ko ɗinkin 1944 ne.