Baƙi Ɗaya Tak: Yadda Aka Karanta Rubutun Gado

Mu marubutan soyayya mun sha raba masoya da takardar gwajin jini, shi AS ita AS, amma kaɗan ne cikinmu suka tambayi asalin wannan S ɗin. Na bi sawun tarihin, ga abin da na samo.

A 1953 ne Watson da Crick, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, suka bayyana siffar DNA, wato zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, bayan sun amfana da binciken wata mata, Rosalind Franklin. Ashe zaren rubutu ne mai baƙaƙe huɗu kacal: A, T, G, C. Shi kuwa furotin, wanda ke gudanar da aikin jiki, kamar carbi yake, an jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid. To, yaya baƙi huɗu za su ambaci abu 20? An ga rubutu, an kasa karantawa.

Sai 1961 wani matashi a Amurka, Marshall Nirenberg, wanda manyan fagen ba su ma san da shi ba, shi da abokin aikinsa Heinrich Matthaei suka yi dabarar da ta fi burge ni. Jiki yakan kwafi saƙon DNA zuwa RNA, inda U ke maye gurbin T, sannan a haɗa furotin. Suka ɗauki RNA mai U zalla, suka zuba cikin ruwan ƙwayoyin bakteriya da aka farfasa. Sai ga carbi ya fito da dutse iri ɗaya, fenilalanin. A shekarar kuma Crick da Brenner suka nuna cewa uku-uku ake karanta baƙaƙen. Kafin 1966 ta ƙare an warware kalmomi 64 ɗin duka.

Tun 1957 Vernon Ingram ya gano cewa himogulobin na mai sikila, wato furotin da ke ɗaukar iska a jini, dutse ɗaya ne ya sauya a cikinsa. Daga baya aka ga dalili: a kalma ta shida, GAG ta koma GTG. Duk wanda madaba'a ta taɓa mayar masa da "ƙafa" zuwa "kafa" ya san aikin baƙi ɗaya. Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba, in iskar jininsa ta ragu sai furotin ɗin ya manne wa juna, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi.