Hurumin Mai Nema da Hurumin Kogi: Nazari a kan Neman Tallafin Ayyukan Ruwa a Kwarin Haɗeja-Jama'are-Komadugu-Yobe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da ake bi wajen neman kuɗin gwamnati da na hukumomin raya ƙasashe domin ayyukan ruwa a kwarin Haɗeja-Jama'are-Komadugu-Yobe. Ta gano cewa babban cikas shi ne saɓanin da ke tsakanin hurumin mai neman kuɗin da hurumin kogin kansa, ta kuma ba da shawarar kwarin ya riƙa nema da baki ɗaya.

Gabatarwa

Kogin Haɗeja da na Jama'are suna ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗu kafin Gashuwa, ruwan ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Jihohi shida ne ke da haƙƙi a wannan kwari: Filato, Bauci, Kano, Jigawa, Yobe da Borno. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ake sakin ruwa a Kano ne ke yanke wa manomin Guri da masuncin Nguru hukuncin shekararsu. An kashe kuɗi masu yawa a kwarin, amma toshewar magudanai da ambaliya ba su kau ba. Tambayar binciken ita ce: me ya sa aikin da ya fi muhimmanci ga kwarin shi ne ya fi wuyar samun kuɗi?

Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Hollis da Adams da Aminu-Kano (1993) sun fayyace yadda rayuwar fadamun ta dogara da ambaliyar damina. Barbier da Thompson (1998) sun nuna cewa ribar manyan ayyukan ban ruwa na sama ba ta cike asarar da ake jawo wa noma da kamun kifi da itacen fadama ba. Wannan maƙala ta ɗora a kan ayyukan biyu.

Wanda take jayayya da shi shi ne ra'ayin da ya yi kaka-gida a tarukan bita, cewa jami'anmu ne ba su iya rubuta takardar neman tallafi ba, don haka horo ne magani. Ra'ayin yana da daɗin karɓa, domin ya ɗora laifi a kan ƙaramin ma'aikaci, ya bar tsarin yadda yake. Amma idan rashin ƙwarewa ne, ai da ayyukan gine-gine ma ba su samu kuɗi ba. Ma'aikatun da ake zargi da gazawa su ne dai suka samo kuɗin gyaran madatsu da magudanan siminti. Ashe akwai irin aikin da takarda ke karɓa, akwai wanda ba ta da gurbinsa.

Dabarun Bincike

An nazarci takardun da aka wallafa na shirye-shiryen Bankin Duniya na TRIMING da ACReSAL, da bayanan kafa hukumomin raya kogunan ƙasa da Asusun Amintattu na kwarin. A kowace kafa an yi tambaya uku: wa ya cancanci nema, me ake buƙata ya kawo, da me ake auna nasara.

Sakamako

Kafofin kuɗin manya uku ne: kasafin tarayya ta hannun hukumomin raya koguna da aka kafa a 1976, Asusun Muhalli na 1981, da kuɗin Bankin Duniya, kamar TRIMING na 2014 mai kusan dala miliyan 495, da ACReSAL na 2021 mai dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Na Bankin Duniya rance ne mai sauƙi a wuyan ƙasa, ko da yake al'ummomi suna ganinsa a matsayin tallafi.

Babban abin da aka gano shi ne, a kowace kafa mai nema hukuma ce da iyakarta ta tsaya kafin kogin ya tsaya. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a Kano, ita ke riƙe da madatsun, amma Yobe da Borno suna ƙarƙashin Hukumar Raya Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Mai buɗe ƙofar ruwa daban, mai amsa kukan waɗanda ruwan ya ci daban.

Matsalar ciyawar kacala ta bayyana illar wannan a fili. Sakin ruwa daga madatsu har cikin rani ya hana magudanai bushewa, ciyawar ta samu wurin zama, laka ta taru a gindinta. Tsohon kogin Haɗeja da magudanar Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa magudanar Marma, ya kwanta a gonakin da a da ake noman shinkafa da alkama, na ƙasa kuwa suna ƙishirwa. A cikin kacalar tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su sauka a kan hatsi. Mutanen gari kan fito aikin gayya da lauje da kwalekwale, ruwa har ƙirji, su sare ta, bayan 'yan watanni ta dawo.

To, wa zai rubuta takardar neman kuɗin wannan aiki? Sanadin yana Kano, toshewar tana Jigawa, wani ɓangare na asarar yana Yobe. Jihar da ta nemi kuɗin yashe magudana za ta biya kason haɗin gwiwa daga baitulmalinta, alhali wani ɓangare na amfanin zai tafi ga maƙwabciya. Idan kuma ta yashe nata yanki kaɗai, ruwan zai tarar da toshewa a gaba ya malala, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Saboda haka kowace jiha takan zaɓi aikin da zai fara ya ƙare a cikin iyakarta.

Ma'aunin nasara ma ya ƙara karkata lamarin. Hekta nawa aka gyara, kilomita nawa aka gina: waɗannan suna shiga rahoto cikin sauƙi. Albashin mai karanta ma'aunin ruwa kullum safe, da yashe magudana duk shekara, da jadawalin sakin ruwa da kowa ya amince da shi, ayyuka ne marasa ranar ƙarewa, shiri mai wa'adi kuwa ba ya ɗaukar su.

An taɓa gane wannan. A taron Damaturu na 2006 jihohin shida suka amince da tsarin kula da kwarin, aka kafa Asusun Amintattu. Sai dai manyan kuɗaɗen da suka biyo baya sun bi ta ma'aikatun tarayya da ofisoshin jihohi ne.

Iyakokin Bincike

Binciken ya tsaya a kan takardun da aka wallafa, bai haɗa da takardun neman da aka ƙi karɓa ba. TRIMING ya taɓa harkar tafiyar da madatsu, ACReSAL kuma yana tsara ayyukansa bisa kwaruruka. Duk da haka, asusu da sa hannu suna nan a hannun hukumomin da aka ambata.

Kammalawa

Maƙalar na ba da shawarar a amince da Asusun Amintattu a matsayin mai nema a madadin jihohin shida, a raba kason haɗin gwiwa gwargwadon ruwan da kowace jiha ke ɗiba, a kuma ware kaso na dindindin don yashe magudanai da auna ruwa. Gwamnonin jihohin shida da Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ne ke da ikon yin wannan, kuma ya kamata su yi shi kafin a tsara shiri na gaba.