Riɗi: Daga Tudun Rima zuwa Teburin Japan

Tarihin noma a kwarin Rima yawanci tarihin fadama ne. Tun lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da Wurno ribaɗi, inda ya rasu a 1837, har zuwa kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, hankali ya fi karkata ga ƙasar da ruwa ke kwanciya: shinkafa, albasa, tafarnuwa. Riɗi kuwa ɗan tudu ne, mai jure ƙishi, wanda akan bar wa gefen gonar gero. Mata ne suka riƙe darajarsa: su soya shi a kasko, su daka a turmi, su fitar da mai, su yi kantu da miya.

A zamanin Turawa ne ya fara zama hajar ƙetare ta sosai, kuma daga ƙasar Tibi ta kwarin Binuwai aka fi fitar da shi. Daga baya Jigawa da Nasarawa suka shigo gaba.

Ɗaya daga manyan kasuwanninsa kuma tana da nata tarihin. A shekarar 675 Sarki Tenmu na Japan ya hana cin naman wasu dabbobi, bisa tasirin addinin Buddha. Girkin gidajen ibada ya dogara ga tsirrai, riɗi ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin samun maiƙo. Har yau ana soya shi, a niƙa a wani kwanon yumɓu mai zane a ciki da ake kira suribachi, a haɗa da romon waken suya da ruwan tsami da sukari, a zuba a kan ganye. Matakan farko na aikin, suya da daka, duk matar Rabah ta san su.

Sai dai Japan ba ta noma abin a zo a gani. Kusan duk riɗin da take ci sayowa take yi, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata. Ɗanye yake tafiya a buhu, ribar sarrafawa ta tsaya can.

Manomin gabashin Sakkwato na fuskantar abin da ya fi wannan nauyi. Gonakin tudu, masu nisa da gari, su ne 'yan bindiga suka fara raba shi da su. Kura ta zo daidai lokacin da kiwo ya yi albarka.