Tarihin Gandun Fanisau

Fanisau gari ne da ke arewa da birnin Kano, a ƙaramar hukumar Ungogo, wadda ita ce kuma ta ƙunshi Rijiyar Zaki.

Garin dai ya yi suna ne saboda gandun gidan sarautar Dabo, wato zuriyar Fulani Sulluɓawa da ke riƙe da sarautar Kano tun shekarar 1819.

Kafuwar gandun

Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya hau gadon sarauta ne a daidai lokacin da wasu shugabannin Fulani suka ƙi yi masa mubaya'a.

Mafi ƙarfi a cikinsu shi ne Ɗan Tunku, wanda ya addabi arewacin ƙasar Kano da hare-hare.

Wannan ne ya sa Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, wato gari mai ganuwa inda mayaƙa ke zama domin tsaron iyaka.

A can ne baturen Ingila Hugh Clapperton ya gana da sarkin a shekarar 1824.

Da yake mayaƙa da dawakinsu na bukatar abinci, sai aka buɗe manyan gonaki a kewayen garin. Daga baya kuma wasu attajiran birni su ma suka mallaki nasu gandayen a yankin.

Noma da kiwo

Ana noma gero da dawa da sauran kayan abinci a gandun, kuma manyan bayin sarki ne ke kula da irin waɗannan gandaye a madadin fada.

Kamar sauran ƙasar Kano ta kusa da birni, gonakin yankin ba su cika samun hutu ba saboda yawan jama'a, don haka taki ne ke riƙe da ƙarfin ƙasa.

A nan ne shanu suka shigo. Bayan an gama girbi, makiyaya kan sauka a gonaki, shanunsu su ci kara da harawa, su bar wa manomi kashinsu. Ana kuma ɗauko taki daga birni a kan jakuna.

Baya ga nono da nama da fata, shanu sun kasance hanyar samun kuɗin shiga ga masarauta ta hanyar jangali.

Sai dai a wajejen 1890 annobar bushiya ta hallaka akasarin shanun ƙasar Hausa, lamarin da ya talauta makiyaya da dama.

Batun bauta

Masana tarihi sun nuna cewa bayi ne ke yin yawancin aikin gandun, kuma da yawansu an kamo su ne a yaƙe-yaƙe.

Wasu kan sami 'yanci ta hanyar fansa, wasu kuma su yi yarjejeniyar murgu, inda bawa zai riƙa yin sana'arsa yana biyan ubangidansa wani kaso.

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, an hana cinikin bayi, amma ba a haramta bautar baki ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sa noman gyaɗa ya bunƙasa, abin da ya sauya alkiblar gonakin yankin.

Abin da ya rage

A 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. A 1979 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a jihar Kano.

Faɗaɗar birnin Kano ta cinye gonaki da burtali masu yawa a Ungogo, har wurare irin su Rijiyar Zaki suka zama unguwanni.

Abin da ya fi tuna wa jama'a da tarihin gandun shi ne Hawan Fanisau, wanda a al'adance sarki ke yi a ƙarshen bukukuwan Babbar Sallah.

A 2024 'yan sanda sun hana hawan Babbar Sallah saboda taƙaddamar sarautar Kano. A watan Disambar shekarar ne kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana.